Daga Dalar Gyaɗa Zuwa Layin 'Yan Fansho: Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano da Bashin Tsofaffin Ma'aikata

Gabatarwa

Galibin waɗanda suka yi rubutu a kan tashar jirgin ƙasa ta Kano da gyaɗa suke farawa, da ita kuma suke ƙarewa. Ba su yi laifi ba, domin gyaɗa ce ta ɗaukaka sunan tashar. Amma akwai wani littafi na reluwe wanda masu nazarin tarihi ba su cika buɗewa ba, watau littafin albashi da fansho. Manufar wannan takarda ita ce ta bi sawun alkawarin da hukuma ta yi wa ma'aikatan jirgin ƙasa cewa za ta ɗauki nauyinsu bayan ƙarfinsu ya ƙare, mu ga lokacin da aka ɗauki alkawarin, da abin da aka dogara da shi wajen cika shi, da kuma yadda aka yi ya rikiɗa ya zama bashi.

Duk sa'ad da kasafin kuɗin gwamnati ya yi giɓi, akan ji manyan ma'aikata suna cewa 'yan fansho sun yi wa baitulmali nauyi. A ganina, dangane da reluwe dai, wannan magana ta ɗauki ƙarshen zance ta mai da shi farko. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, an jingina fanshon ne a kan kuɗin dakon kaya, ba a ajiye masa ko kwabo a gefe ba, kayan suka ƙaura daga dogo, sa'an nan kowane magani da aka yi wa giɓin ya ƙara tsawon layin masu jiran fansho.

Dogo ya zo da bashinsa

Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane. Gwamnatin Turawa ta Arewa, wadda aka kafa a 1900, ba ta taɓa iya riƙe kanta da harajin da take tarawa ba. Da tallafin baitulmalin Ingila da gudummawar Kudu take cike giɓinta kowace shekara. Da aka amince a 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, a shimfiɗa dogo daga Baro a bakin Kwara zuwa Kano, tafiyar mil 356, sai aka ciwo bashin aikin da sunan gwamnatin Kudu, saboda ita ce mai kuɗin kwastan. An yi aikin da arha ƙwarai, kuma sirrin arhar shi ne talakawan da aka riƙa ɗebowa ta hannun sarakuna da hakimai suna haƙa da ɗiban ƙasa. Zamanin ya shiga bakin mutane har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi masa Waƙar Diga. Dogon ya iso Kano ran 28 ga Maris 1911, a zamanin Sarki Abbas, aka kafa tasha a wajen ganuwa daf da Fagge, tsohon zangon fatake. A watan Oktoba 1912 aka haɗe shi da na Ikko ya zama ma'aikatar gwamnati guda, kafin a haɗe Arewa da Kudu su kansu a 1914.

Auduga Turawa suka yi tsammani, don masaƙun Lankasha. Manoman Kano da fataken goro suka yi nasu lissafi, suka zaɓi gyaɗa. J. S. Hogendorn ya nuna cewa gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa fiye da tan 19,000 a 1913, har tasha ta rasa taragun kwashe ta. Daga nan dillalai irin su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa, aka miƙa dogo zuwa Ƙaura Namoda a 1929, zuwa Nguru a 1930, duk don bin gyaɗa da auduga. Abin lura a nan shi ne, kuɗin dakon amfanin gona shi ke biyan albashi, shi ke biyan ruwan bashin gina dogo, shi kuma ke biyan fansho. Tukunya ɗaya ce, kuma damina ce ke cika ta. An ga alamar haɗarin tun a farkon shekarun 1930, lokacin da kasuwar duniya ta faɗi: farashin gyaɗa ya karye, kuɗin shiga ya ragu, ruwan bashi bai ragu ba, sai aka koma kan ma'aikata da sallama da rage lada.

Wanda ke cikin littafi da wanda ba ya ciki

Kalmar fansho baƙuwa ce a Hausa, amma tunanin ba baƙo ba ne. Bara da ya tsufa a gidan ubangidansa yana da cinsa da suturarsa, kuma abin kunya ne a kore shi. Sai dai wannan alheri ne, ba hakki ba ne da za a kai ƙara gaban alƙali a kansa. Abin mamaki, fanshon Turawa ma da wannan fuska ya zo. Dokar fanshon ma'aikatan gwamnatin Ingila ta 1859 ba ta cire kome daga albashi, amma kuma ba ta ba ma'aikaci tabbataccen hakki ba. Wannan gado ne dokar fansho ta Nijeriya ta 1951 ta ci, wadda aka mai da fara aikinta baya zuwa 1 ga Janairu 1946. A ƙarƙashinta Gwamna ne ke bayarwa, yana kuma da ikon ragewa ko hanawa in an sami ma'aikaci da laifi. Saboda haka fansho ya zama linzami: mai sa ran samunsa ba ya son ɗaga murya.

Ba kowa ne ke cikin littafin ba. A sama akwai Turawa, masu hutu a Ingila da fanshon da ake biya can. A ƙasa da su akwai akawuna da shugabannin tashoshi da masu buga waya da direbobi, waɗanda mafi yawansu a wancan zamani daga Kudu suka zo, wasu ma daga Saliyo da Gwalkwas, saboda su ne suka riga samun ilmin boko. Domin irinsu aka yanka Sabon Gari a 1913. A can ƙasa kuma sai ɗimbin leburori masu ladan yini, masu gyaran dogo da masu zuba gawayi da masu share taragu. Su kuwa 'yan dakon Fagge da 'yan cin rani da suka gina dalar gyaɗa da kawunansu, buhu bisa buhu, galibinsu ma ba ma'aikatan reluwe ba ne, na kamfanoni ne da 'yan kwangila. Wanda ya tsufa a cikinsu sai ya koma ƙauye, 'ya'yansa su ne fanshonsa. Ya kamata mu riƙe wannan a zuci, domin idan ana maganar nauyin fansho, ana maganar 'yan tsiraru ne daga cikin waɗanda guminsu ya zuba a tashar.

Tarihin ƙungiyar ma'aikatan reluwe, in an duba da kyau, tarihin neman shiga wannan littafi ne. Ƙungiyar da Michael Imoudu ya jagoranta ta yi rajista a 1940, ta yi yaƙi da tsarin biyan lada bisa awa a 1941, ta matsa har aka ba da kuɗin tsadar rayuwa a 1942. Turawa suka tsare Imoudu daga 1943 zuwa 1945. Da aka shiga babban yajin aiki a ƙarshen watan Yuni 1945, wanda ya ɗauki kwana arba'in da 'yan kai, ma'aikatan jirgi ne ƙashin bayansa, kuma jirage sun tsaya har a Arewa. Abin da aka samu a shekarun da suka biyo baya shi ne ƙarin lada da faɗaɗa muƙamai na dindindin ga 'yan ƙasa. Nasara ce ta gaskiya. Amma kowane suna da aka ƙara a littafin, bashi ne da zai nuna bayan shekara talatin ko fiye, kuma ba a buɗe masa asusu ba.

Shekarun ganiya

A farkon shekarun 1950 gyaɗa ta fi ƙarfin jirgi. Dalar da muke alfahari da ita a hotuna, a haƙiƙa shaida ce ta ƙarancin kawunan jirgi da taragu bayan Yaƙin Duniya na Biyu: amfanin wata shekara yakan tarar da na bara bai tafi ba. A 1955 aka mai da ma'aikatar ta zama Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, mai cin gashin kanta, da niyyar ta riƙa tafiya kamar kamfani. A 1958 aka karɓi bashin dala miliyan 28 daga Bankin Duniya, bashin farko da Nijeriya ta ci a wannan banki, aka kai dogo Maiduguri a 1964. A wannan shekara ta 1964 hukumar ta ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Ana ƙiyasta ma'aikatanta a zamanin ganiyarta da kimanin 45,000.

Yanzu mu yi ɗan lissafi. Saurayi ɗan shekara ashirin da aka ɗauka a tashar Kano a 1955, lokacin da dala ke tsaye, idan ya yi shekara 35 yana aiki, zai ajiye a 1990. Wanda aka ɗauka a 1964 zai ajiye a 1999. Watau ayarin da aka ɗauka don kwashe gyaɗa zai iso teburin fansho ne a shekarun da babu gyaɗar. Ba wanda zai iya hango fari ko faɗuwar man fetur, amma wannan lissafi na shekaru ba ya bukatar duba. Yana rubuce a fayil ɗin kowane ma'aikaci tun ranar da ya sa hannu.

Rushewar kuɗin shiga ta zo bi da bi. Kashe-kashen 1966, waɗanda suka shafi Sabon Gari da ita tashar kanta a farkon Oktoba, sun sa ƙwararrun ma'aikata 'yan Gabas sun gudu, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma ya yanke layin Fatakwal. Aka ɗauki sababbin hannu a gurguje. Fari na 1972 zuwa 1974 ya biyo baya, cutar da ta kama gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, ga kuma matatsun mai na cikin gida suna shanye ɗan abin da aka noma. Kuɗin fetur ya tafi ga hanyoyin mota, manyan motoci suka ƙwace dakon da ke da riba. A 1974 fasinja sun sauko zuwa miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuma kimanin tan miliyan 1. Har dakon man fetur zuwa Arewa ya ragu da aka shimfiɗa bututu aka buɗe matatar Kaduna a 1980. Tun daga tsakiyar shekarun 1960 hukumar ta koma cin giɓi, tana rayuwa da abin da gwamnatin tarayya ta yaga mata.

Alkawari ya ƙaru, tukunya ta bushe

A daidai wannan lokaci ne alkawarin ya ƙara girma. Hukumar Jerome Udoji ta ba da rahotonta a 1974, aka biya ƙarin albashi a farkon 1975 tare da ariyas tun daga Afrilu 1974. Albashin ƙananan ma'aikata ya ninka har ya ɗara, kuma hukumomi irin su reluwe suka shiga ma'auni ɗaya da ma'aikatun gwamnati, ba tare da an tambayi ko dakon kaya zai iya biya ba. Tun da fansho da albashin ƙarshe ake auna shi, duk ƙarin albashi ƙarin fansho ne. A 1975 kuma gwamnatin Murtala Muhammed ta sallami ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000 a faɗin ƙasa.

Dokar Soja mai lamba 102 ta 1979, wadda aka mai da ita baya zuwa 1 ga Afrilu 1974, ita ce ta zama ma'aunin fanshon ma'aikatan tarayya. Wanda ya yi shekara 15 yana da kashi 30 cikin ɗari na albashinsa, ana ƙarawa har kashi 70 ga mai shekara 35, ban da garatuti da ke kaiwa ninki uku na albashin shekara. A 1992 aka sassauta: shekara 10 ta isa fansho, shekara 5 ta isa garatuti, ƙololuwa ta koma kashi 80. Ba a cire kome daga albashin ma'aikaci, ba a kuma tara kome. Abin da aka ware a kasafin bana shi ake rabawa bana. Hukumomi masu cin gashin kansu suna da nasu tsari da nasu amintattu, amma umarnin ƙari daga gwamnati yake fitowa, biya kuwa sai abin da hukuma ta samu ko aka tura mata. Mai yanka alkawari daban, mai cika shi daban.

Ba wai ba a yi yunƙurin gyara ba. Daga 1979 zuwa 1982 an damƙa tafiyar da hukumar ga ƙwararrun kamfanin RITES na Indiya, har fasinja suka haura miliyan 15 a 1984. Sai dai fasinja ba ya riƙe jirgin ƙasa, balle da kuɗin tikitin da gwamnati ta ƙayyade. Man fetur ya faɗi, Shugaba Shehu Shagari ya kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982, gwamnatin Buhari ta rage ma'aikata a 1984, gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986. A 1988 hukumar ta durƙushe, jirage suka yi watanni ba su motsa ba.

A nan ne nake ganin kuskuren lissafi mafi girma. Duk lokacin da aka matsa wa hukumar ta rage kashe kuɗi, sai ta rage ma'aikata. A takarda kuɗin albashi ya sauka, a yaba wa shugabanni. Amma mutumin da ya cika shekarun doka, in an sallame shi, ba ya ɓacewa. Sunansa ya tashi daga littafin albashi ya koma littafin fansho, ga garatutin da ya wajaba a biya shi dunƙule, ga shi kuma ba ya tuƙa jirgi balle ya kawo kwabo. An yi ta maimaita wannan har tsakiyar shekarun 2000, sa'ad da ake shirin jinginar da hukumar ga 'yan kasuwa, ma'aikata suka sauko ƙasa da 7,000, 'yan fansho suka ninka masu aiki. Hukumar jiragen ƙasa ta wayi gari babban aikinta shi ne biyan tsofaffi, shi ma ba ta iya ba.

Abin da doka ta hana a yi a fili, hauhawar farashi ta yi shi a ɓoye. Mu ɗauka, a misali kawai, wani direba ya ajiye aiki a 1980 da fanshon naira 200 a wata. A shekarar nan dala ɗaya kimanin kwabo 55 ce, saboda haka fanshonsa ya haura dala 360. A 1993, da dala ta kai naira 22 a farashin gwamnati, naira 200 ɗin nan dala 9 ce. A 1995 hauhawar farashi ta wuce kashi 70 cikin ɗari. Gaskiya ne an riƙa sanar da ƙarin fansho, amma sanarwa daban, kuɗi a hannu daban, kuma bashin da aka jinkirta shekara biyu a irin wannan yanayi an riga an biya rabinsa da iska. Ni ina ganin jinkirin nan ba gazawar akawuna ba ce kurum. Hanya ce ta cike giɓi wadda ba ta bukatar doka ko muhawara, tun da ɗan fansho ba shi da aikin da zai yi wa yaji. Tsofaffin da suka tsai da ƙasar nan cik a 1945 ba su da sauran abin tsayarwa. Sai bin layin tantancewa, da tafiya Zariya ko Ikko neman fayil, da zama a gidajen kwatas ana yi musu barazanar tashi.

Ba Nijeriya kaɗai ta gamu da wannan ba. A Amurka, da kamfanonin jiragen ƙasa suka kasa riƙe fanshonsu a shekarun 1930, sai gwamnatin tarayya ta kafa wa ma'aikatan jirgi tsari na musamman, wanda ya tabbata da dokar 1937, ana tara masa kuɗi daga ma'aikata da kamfanoni. A Japan, da aka rarraba hukumar jiragen ƙasa a 1987, an ware yawancin tsohon bashi, har da na fansho, aka ɗora wa wata hukuma ta dabam, daga baya baitulmali ya ɗauki kaso mafi tsoka. Duka biyun sun amsa cewa bashin yana nan, suka faɗi wanda zai biya. A nan kuwa an fi sha'awar sabon aiki: an ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar gyara ta fiye da dala miliyan 500 a 1995, aka sake ba shi ta sabon dogo daga Ikko zuwa Kano ta dala biliyan 8.3 a 2006, wadda aka dakatar a 2008. Sabon dogo ana yanka masa ƙyalle. Biyan ariyas ba shi da biki.

Tsarin mulki na 1999, a sashe na 173, ya mai da fansho hakki, ya hana a riƙe shi ko a rage shi ba bisa doka ba, ya kuma ce a sake duba shi duk shekara biyar ko duk sa'ad da aka yi ƙarin albashi. Zuwa 2004 ana ƙiyasta bashin fanshon ma'aikatan gwamnati a ƙasa baki ɗaya da kimanin naira tiriliyan 2. A watan Yunin shekarar Shugaba Obasanjo ya sa hannu a dokar adashen gata, wadda aka kwaikwayo daga tsarin ƙasar Chile na 1981: ma'aikaci ya zuba kashi 7.5, gwamnati ta zuba kashi 7.5, a asusu mai sunansa. A 2014 aka mai da su kashi 8 da kashi 10. Wannan ya toshe ƙofar sabon bashi irin na da, ya kuma mai da haɗarin faɗuwar darajar kuɗi kan ma'aikaci shi kaɗai. Tsofaffin reluwe da suka riga suka ajiye aiki ba su shiga ciki ba. An mai da su ƙarƙashin hukumar PTAD, wadda aka kafa a 2013, tana biyansu kai tsaye daga baitulmalin tarayya. Biya ya fi daidaituwa a hannunta, ko da yake ƙarin da ya biyo bayan mafi ƙarancin albashi na 2019 sai a 2021 aka amince da shi. Rajistar rufaffiya ce, ba a ƙara sabon ayari, mutuwa ce kaɗai ke rage ta.

Jirgin Ikko ya sake shigowa tashar Kano a watan Disamba 2012 bayan an gyara tsohon dogo, a 2021 kuma aka aza harsashin sababbin layuka zuwa Kaduna da Maraɗi. Amma tsohon tsarin bai gama karɓar bashinsa ba. Ma'aikatan da 2004 ta tarar a bakin aiki suna bin gwamnati hakkin shekarun da suka yi kafin sauyin, kuma an daɗe ba a sakar musu asusunsu sai an zuba wannan kaso, saboda haka da yawa suka yi ta jira shekara guda ko fiye bayan ritaya. A watan Fabrairu 2025 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a sayar da takardun lamuni na naira biliyan 758 don biyan basussukan da suka taru a ƙarƙashin sabon tsarin.